Innata Ta Ƙi Komawa Asibiti

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Gwallameji nake, bana na gama jami'a. A sakaya sunana.

An gwada Innata, aka ga sauyi a bakin mahaifarta. Likita ta ce ba sankara ba ce tukuna, amma yana iya rikiɗewa idan ba a yi magani ba. Inna ta ƙi komawa.

Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa. Da na ɗauko zancen sai ta miƙe: "Ke, ba ki da kunya? Je ki duba tukunya."

Wallahi na gaji. Iyaye mata masu sauraro, a cikinku wa za ta zo ta faɗa mata abin da ba ta iya ji daga bakina?