Jikata Ba Ta Gaji Firgitata Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ni mai shayi ce a kasuwar Suk al-Shabi. Lokacin da nake da cikin 'yata Zainab, kullum cikin gudun jami'ai masu kamen 'yan talla nake, buta a hannu. Ta taso da yawan firgita, ɗanta na fari ma haka. Dangi suka ce aljanu ne. Wata likita ta ce tsoron mai ciki yana bin jini ya taɓa ɗa, wataƙila har jika.

Zainab ma shayi take sayarwa. Da ta sake samun ciki na ce, "Wallahi ba ki ba kasuwa, ni zan yi gudun!"

Yau ga jikata Hauwa da ta haifa, raksha, wato babur mai ƙafa uku, na ruri a ƙofar gida, tana sharar barcinta.

Ina gaida matan unguwar Hajj Yusuf. Ku hutar da masu ciki!