Tukunyar Burul Za Ta Hau Dutse

A garejin bakin kasuwar Narin, tsoho Toktosun yana zaune a benci, ya zuba wa a-kori-kurarsa ido. An ɗora mata ɗan ɗakin kwana a baya, har ta durƙusa. Wani direba da ke jiran gyaran taya ya matso kusa.

"Baba, falle nawa za a ƙara wa sifirin ɗin?"

"Uku, ɗana. Amma hankalina bai kwanta ba. Matata Burul tana ciwon baya, kuma ta rantse bana sai ta koma makiyayar kan dutse inda muka yi ƙuruciya. Idan sifirin ya yi tauri, hanya za ta jijjige min ita."

"Me kuka ɗauka a ɗakin?"

"Gado da bargo kawai. Ta so tafiya da tukunyar ƙarfenta, da murhu, da dardumar gashi bakwai. Kwana uku muna faɗa kafin na ci nasara."

Direban ya yi dariya. "Ai Baba, faɗuwa ka yi. Sifirin mai tauri ba ya laushi sai ya ji nauyi. Mota wayam ita ce mai tsalle. Loda mata kayanta duka, za ta tafi kamar a kan katifa."

Toktosun ya murza hularsa.

"Har tukunyar?"

"Tukunyar ce ma za ka fara ɗorawa."

"To, zan ce mata tausayinta na ji," in ji tsohon. "Shekara arba'in da shida tana da gaskiya, ba sai ta ji har direba ma ya goya mata baya ba."