Kafson da Ya Sauke Jinin Fannami

A bencin jira na wani asibiti a Diffa, Fannami manomin tattasai yana nuna wa wani makiyayi kafso ja da rawaya.

"Wannan ya sauke mini hawan jini, Malam. Shekara da shekaru ƙwayar likita ta kasa."

"Wannan? Ai maganin miki ne, har shanuna nake ba. Yaya aka yi?"

"Fartanya ta sare ni, ƙafa ta yi ruwa, aka rubuta mini shi. Da na dawo awo, likita ya ce jinina kamar na saurayi."

"Ikon Allah! Na matata ma ya ƙi sauka, har hannunta ya fara mutuwa. Kullum kake sha?"

"Safe da yamma. 'Yata Aisa ta haɗa shi leda ɗaya da ƙwayar hawan jinin, ta tsaya kaina sai na haɗiye duka."

"To kafin nan, ita ƙwayar fa?"

"Ita ai sai ranar da kai ya sara. Wa zai sha magani yana lafiya lau?"

Makiyayin ya miƙe tsaye.

"Tawa ma haka take sha," ya ce. "Riƙe kafsonka, Malam. Ni gida zan koma in tsaya kanta."