Tsoho Mai Ɗaki da Mukayyif

A ɗakin jiran likitan dabbobi a unguwar Kurayyat ta Jidda, wata dattijuwa ta rungume kula a cinya, wani mai kejin aku yana ta leƙe.

"Hajiya, wannan kifi ne ko ƙadangare?"

"Aksolotil sunansa. Na 'yar gidan da nake aiki ne. Ta yi aure, ta bar min shi."

"Ikon Allah! Kifi da hannuwa, yana ta murmushi kamar an yi masa albishir."

"Dole ya yi murmushi. Mai shagon da aka saye shi cewa ya yi shekara biyar zai yi, halas, shi ke nan. Yau sha uku ke nan, likita ya ce wasu har sha biyar suke kaiwa. Ya tsufa, ba ya gani sosai, sai na kai masa tana har baki."

"Tana? Da hannunki?"

"Da hannuna. Kuma ba ya son zafi, da ruwan ya yi ɗumi sai ya ƙi ci. Shi ya sa aka ba shi ɗaki, mukayyif na ba shi sanyi dare da rana."

"A Jiddan nan? Mu a Khumra mu takwas muke rabon fanka ɗaya! Hajiya, ki bar tsohon nan ya tafi, ki huta."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, Alhaji!"

"Daga faɗin gaskiya?"

Ta gyara murfin kular, ta rage murya.

"Kafin a kawo shi a kicin nake kwana. Wa kake tsammani ke kwana a ɗakin yana gadinsa? Allah ya ja kwanan Baba, ya ga ashirin."