Biyun da ke Wajen Baka

AUTA: Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?

BABA: Alo? Wa alaikumus salam. Auta, ke ce?

AUTA: Ni ce mana, ai ni ka kira. An wuni lafiya?

BABA: Lafiya lau. Ya aiki? Ya kantin maganin naku?

AUTA: Mun gode Allah. Shigowata ke nan, ko takalmi ban cire ba. Ya ƙafar?

BABA: Tana nan inda kika bar ta. Ya maigidan?

AUTA: Lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ka. Ka ci abinci kuwa?

BABA: Na sha shayi.

AUTA: Shayi ba abinci ba ne, Baba. Shinkafar da na sa aka kawo maka fa?

BABA: Tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Tukunyar mahaifiyarki ta yi wa mutum ɗaya girma, in na dafa sai in yi ta ci har ta gundure ni. Yayanku ya kira ki?

AUTA: Ya turo saƙo. Ya ce aiki ne ya sha masa kai.

BABA: To, madalla, yana da rai ke nan. Ina Uwargida?

AUTA: Mami? Tana ɗaki, tana canza kayan makaranta.

BABA: Ku ne masu ce mata Mami. Yarinyar da aka sa wa sunan matata, ni Uwargida na sani. Ba ni ita. Yau na shirya mata wani lissafi mai daɗi. Da safe ina kunna gas zan ɗora ruwa, sai na ce, af, ga kemistiri a gabana ina nemansa a littafi.

AUTA: Baba, dama akwai...

BABA: Tsaya ki ji, ke ma ya amfane ki. Gas ɗin nan kabon uku ne da haidurojin takwas. In ya ƙone, kabon ukun nan za su ba ki kabon dayoksaid uku. Haidurojin takwas, ruwa huɗu ke nan. Yanzu ƙirga oksijin a ɓangaren dama, shida a can, huɗu a nan, goma. Shi kuma oksijin bibbiyu yake tafiya. Nawa za ki sa a gabansa?

AUTA: Biyar.

BABA: Biyar! Ashe ban yi asarar alli a kanki ba. Har na rubuta shi a allon baranda, na bar gurbin lambobin don ta cike. Na goge allon tas, yana ta ƙyalli. To ba ni ita. Kwana biyu ba ta kira ba, na ce ko wayarki ce ta lalace.

AUTA: Wayar lafiyarta ƙalau.

BABA: To rashin lafiya ta yi?

AUTA: A'a. Baba, babanta ne ya samo mata malamin lesin.

BABA: Malamin me? Layin na karkarwa. Lasin? Mota za ta koya? Yarinyar da ko keke...

AUTA: Lesin, Baba, lesin. Malamin da zai riƙa zuwa gida bayan an tashi daga makaranta.

BABA: Oho. To ai da kyau. Lissafi ko Turanci? Turancinta kam yana buƙatar gyara, na faɗa mata.

AUTA: Kemistiri.

BABA: Alo?

AUTA: Ka ji ni, Baba.

BABA: Na ji. Wane lokaci yake zuwa?

AUTA: Da yamma. Yanzu ma muna jiransa.

BABA: Lokacin da take kirana ke nan.

AUTA: Shi kaɗai ne lokacin da yake da sarari. Ba wai don komai ba ne, babbar jarrabawa ta matso, babanta ya ga gara a samu wanda zai zauna kusa da ita yana ganin abin da take rubutawa. A waya akwai wahala, kai ma ka sani.

BABA: Auta, ni na haife ki. In kina kewaye-kewaye muryarki takan yi siriri. Me ya faru?

AUTA: Gwaji suka yi a aji, ba ta ci ba.

BABA: A kan me?

AUTA: Mol da nauyin mol, lissafin auna sinadarai.

BABA: Ba zai yiwu ba. Wannan mun tattake shi ni da ita har sai da ta ce kanta na ciwo. Ki raba giram da nauyin mol, ki samu mol. Ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗa.

AUTA: Rabawar daidai ta yi. Nauyin ne ba daidai ba. Duk tambayoyin da aka rubuta sinadarin da alamar baka a ciki ta faɗi.

BABA: To ka ji. Matsalar waya ke nan, a waya ba a jin baka. Yarinya ta karanto min haruffa a jere kamar mai kiran sunayen aji, ba ta ce a buɗe baka ba, ba ta ce a rufe ba, ina zan sani?

AUTA: Ta ce ta faɗa. Ta ce har ta gaya maka malamarsu ba haka ta yi ba, ka ce wace malama, kai ka koyar da waɗanda suka koyar da ita.

BABA: Ni na ce haka?

AUTA: Haka ta ce.

BABA: Takardar tana kusa? Karanto min tambayar. A hankali, yadda take a rubuce.

AUTA: Baba, a bar shi mana. Abin ya wuce.

BABA: Karanto.

AUTA: To. Mol nawa ne a cikin giram talatin da bakwai na kalsiyam haidiroksaid. Sun rubuta kalsiyam, a buɗe baka, oksijin da haidurojin, a rufe baka, sai ƙaramin biyu a ƙasa daga waje.

BABA: Giram nawa? Arba'in da bakwai?

AUTA: Talatin. Talatin da bakwai.

BABA: Yauwa. Bari in ɗauko alli, ga ni a gaban allon. Kalsiyam arba'in. Oksijin sha shida, hamsin da shida ke nan. Haidurojin ɗaya sau biyu, biyu. Hamsin da takwas. Ki raba talatin da bakwai da hamsin da takwas. Me ta rubuta?

AUTA: Hamsin da takwas.

BABA: To ina laifinta? Alo? Auta?

AUTA: Baba, biyun nan na wajen baka...

BABA: Na haidurojin ne mana, yana kusa da... A'a. Tsaya.

AUTA: Ina ji.

BABA: Na kowa ne. Duk wanda ke cikin baka ya shafa. Oksijin ma biyu ne, talatin da biyu. Saba'in da huɗu.

AUTA: Saba'in da huɗu.

BABA: Talatin da bakwai kuma rabinsa ne cif. Rabin mol. Wanda ya shirya tambayar ma kyauta ya ba su. Ni da nake gaya wa yara in amsa ta fito da doguwar jelar lambobi bayan ɗigo su koma su duba nauyi. Ranar nan ta gaya min amsarta ta yi jela, na ce mata ta yanke a lamba biyu.

AUTA: Kowa yana kuskure, Baba.

BABA: Ba wannan ba. Shekara da shekaru ina tsaye a gaban aji, babu abin da na fi yi wa yara faɗa a kai kamar biyun nan. Ke kanki kin sani.

AUTA: Na sani mana. A allon barandar nan ka sa na yi ta rubuta shi har hannuna ya yi fari fat, Mama tana daga kan keken ɗinki tana cewa ka ƙyale yarinya ta ci abinci.

BABA: Allah ya jiƙan ta.

AUTA: Amin.

BABA: Maki kawai ta rasa?

AUTA: Baba...

BABA: Muryar ta sake yin siriri.

AUTA: Da aka raba takardu, ta tashi ta yi musu da malamar. Ta ce malamar ce ta yi kuskure, kakanta tsohon malamin kemistiri ne, shi ya koya mata. Malamar ba ta yi fushi ba, ta kira ta gaban allo ta nuna mata. Sai 'yan ajin suka yi ta dariya. Har yanzu in ta wuce sai wani ya ce a gaida kaka.

BABA: Innalillahi. Saboda ni.

AUTA: Ba fushi take da kai ba, wallahi. Kunya take ji. Ta ce ba ta san yadda za ta faɗa maka ba, kuma ba ta iya yi maka ƙarya. Shi ya sa in na miƙa mata wayar sai ta shige banɗaki.

BABA: Ta tsaya min a gaban aji, ni kuma na kayar da ita.

AUTA: Don Allah kada ka sa abin a ranka. Dama ina so in ce ka zo mu je asibiti, a duba ka kawai. Akwai likitan da yake turo mana marasa lafiya, mutumin kirki ne.

BABA: Jiya na tsinci kaina a tsakiyar ɗaki riƙe da cokali, ban san me na shigo yi ba. Na yi dariya na ajiye. Wannan bai dame ni ba, tsufa ne. Amma baka, Auta? In wannan ya fita daga kaina, me ya rage a ciki?

AUTA: Yanzu fa ka daidaita na gas ba ko tuntuɓe.

BABA: Tun safe nake maimaita shi don kada in ji kunya.

AUTA: Ka dawo wurinmu mana. Ɗakin baƙi yana nan ba kowa. Sau nawa zan roƙe ka?

BABA: In zo in zauna wa surukina a falo kamar tsohuwar kujera? Wa zai buɗe tagogin ɗakin mahaifiyarki? Bar wannan maganar. Mijinki ya yi daidai, ki faɗa masa in ji ni. Da ni ne uban, abin da zan yi ke nan. Jarrabawar yarinya ba abin wasa ba ce.

AUTA: Zan faɗa masa.

BABA: Amma bari in gaya miki gaskiya, kaɗaici yana damuna. Maƙwabcin da muke zama a ƙofa ya koma wurin ɗansa. Waɗanda suka kama gidan da sassafe suke fita, ko sunansu ban sani ba. Tun da na tashi yau, ke ce mutum na farko da na yi wa magana. Da na ce alo sai da na gyara murya, ta dushe. Kiran nan na Uwargida shi nake jira. Da safe in zaɓi tambaya, da rana in goge allo, in sa riga mai kyau kamar tana ganina.

AUTA: Baba, za ka sa ni kuka.

BABA: Ba don ki yi kuka na faɗa ba. Ta riƙa kira ko ba kemistiri. Ta ba ni labarin makaranta, wa ya yi faɗa da wa.

AUTA: Za ta kira. Ƙarshen mako in sha Allahu, in an ɗan kwana biyu kunyar ta sake ta. In malamin ya tafi aikin gida take yi, daga nan sai barci.

BABA: Ƙarshen mako.

AUTA: Ni ma zan riƙa... Tsaya, ana ƙwanƙwasa ƙofa. Mami! Buɗe wa malaminki. Baba, shi ne ya iso.

BABA: Yaro ne?

AUTA: Matashi ne, bai daɗe da gama jami'a ba. Yana da haƙuri.

BABA: Ta fito? Ce mata ga ni a waya. Gaisuwa kawai.

AUTA: Mami, ga Baba... Ta ce tana gaishe ka, ta ce a ce maka ya ƙafa. Ta wuce ɗauko littattafanta.

BABA: To. Ki ce na amsa. A ina suke zama?

AUTA: A teburin cin abinci. Baba, bari in je in kawo masa ruwa, zan kira ka an jima.

BABA: Auta, kada ki kashe.

AUTA: Na'am?

BABA: Ki ajiye wayar a kan teburin, can gefe, bayan kwalbar ruwa ko wani abu. Ba sai sun sani ba. Ba zan ce uffan ba, ko ya yi kuskure ba zan gyara ba. Wa ma ya aike ni gyara yanzu. In dai ji ana karatu. In ji muryarta tana ƙirga.

AUTA: Haba Baba, in ta gane fa?

BABA: Ba za ta gane ba. Ko tari ya zo min zan toshe baki.

AUTA: Wayar ma tun a kanti take kukan caji, ja take nunawa. Cajar kuma tana cikin motar babanta.

BABA: Har inda ta kai. Don Allah.

AUTA: To, bari in gani ko za ta kai ni teburin, don tana iya mutu...

BABA: Kin ajiye? Yauwa, Allah ya yi miki albarka. Ga ni na zauna. Na yi shiru.