Kashi Saba'in Na Nawa?

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Hadiza ce daga Dungas.

Yayana Ila, mai sayar da awaki, yana karɓar maganin ciwon daji a Damagaram. Satin jiya aka auna jininsa a Magarya. A takardar na ga nitirofil kashi saba'in cikin ɗari, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Na ɗauke shi kamar sakamakon lakkol, wato makaranta, inda mwayen shi ne rabin maki, na ce, "Yaya, ka wuce mwayen, gobe sai kasuwar Guci."

Lokotoro, wato likitar asibitin, ta duba ta ce, "Hadiza, kashi saba'in na nawa? Fararen ƙwayoyinsa gaba ɗaya dubu ne. Kashi saba'in na dubu, ɗari bakwai ke nan. Na mai lafiya yakan wuce dubu da ɗari biyar." Ta hana shi shiga taro, ta ce da ya ji zazzaɓi a kawo shi nan take.

Masu jinya, ku riƙa tambayar jimillar. Kashi saba'in na tiya bai kai kashi goma na buhu ba.

Yanzu shawara nake nema: yaya ake zaunar da ɗan kasuwa a gida ranar kasuwa?