Likita Shida a Kan Ciki Ɗaya

A tashar motar Kafanchan, shekarar 1976, wani dattijo yana jiran motar Kwoi, wani saurayi na zaune gefensa.

"Ɗana, gida za ni in yi sallama da iyali. Yau a asibiti likita shida suka bi layi suna danna mini ciki, suna ta Turanci. Ciwon da ya tara likita shida ai ba na tashi ba ne."

"Baba, ɗaya ne likita. Mu biyar ɗalibai ne, koyo muke. Ni ne na huɗu. Saifarka ce ta kumbura, magani zai sauke ta."

"Ashe kana jin Hausa?"

"Ina ji, Baba."

"Shi ne ka danna cikina, ko sannu ba ka ce mini ba?"